Ɗakuna a kulle, ana ce wa baƙi an cika: aikin da ɗalibai biyar suka yi wa wani masauki

Wannan bayanin wani ƙaramin masaukin baƙi ne da ɗaliban jami'a su biyar suka yi wa aiki na zangon karatu ɗaya, mako 14 cif. Ba zan kama sunan wurin ba, haka jami'ar, haka yaran. Ni dai mai taimaka wa malamin da ke duba furojet ɗin ne, rahoton da suke kawowa duk mako ta hannuna yake bi, shi ya sa na san inda suka yi tuntuɓe da inda suka miƙe.

Kafin zuwan ɗaliban

Masaukin ɗaki 12 ne, yana bakin hanyar da masu yawon buɗe ido ke bi in za su hau tsauni. Wata dattijuwa ce ke da shi, tana da ma'aikata biyu a teburin karɓar baƙi, ɗaya na rana ɗaya na dare, sai masu gyaran ɗaki da ɗan jagora ɗaya da ke raka baƙi hawan dutsen. Cinikinsu kusan duk na daren Juma'a da na Asabar ne, sauran kwanakin sai dai tsilla-tsilla.

A 2020 sun rufe na wasu watanni kamar kowa saboda annobar korona, shekarar da hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce masu tsallaka iyakar ƙasa don yawo sun ragu da sama da kashi 70 cikin 100, daga wajen mutum biliyan 1.5 na 2019. Da aka dawo sai ta saka masaukin a ɗaya daga cikin manyan shafukan kama ɗaki na intanet, irin waɗanda ke cire kamasho a duk ɗakin da aka kama ta wajensu, yawanci wajen kashi 15 cikin 100, wani wurin ma ya fi haka. Baƙi sun ɗan ƙaru. Amma wata Asabar aka samu iyali biyu sun iso da dare kowa yana cewa ɗaki mai lamba 7 nasa ne, ɗaya ya kama ta intanet ɗaya ya kira ta a waya, aka yi ta cacar baki a tsakar masaukin har wasu baƙin suka fito kallo, wanda aka hana ya tafi ya rubuta sharhi mai zafi ya ba su tauraro ɗaya. Wannan daren ya tsaya mata a rai, kuma za mu dawo kansa.

Da jami'ar ta tura fom wa masu irin wannan sana'a cewa duk mai matsala ya rubuto ɗalibai su zo su duba kyauta, layi biyu kawai ta rubuta: ɗakunanmu ba sa cika, muna son talla da manhaja.

Irin wannan tsari ba sabo ba ne. Makarantar koyon aikin otal ta Lausanne a Suwizalan, wadda aka kafa tun 1893, ɗalibanta na ajin ƙarshe ana haɗa su rukuni-rukuni su yi wa kamfani na gaske aiki kafin su fita. Namu dai ƙarami ne, amma manufar ɗaya ce, kwastoma na gaske, matsala ta gaske, kuma akwai maki a ƙarshe.

Mako na 1 da na 2: tambaya

Biyu daga cikinsu 'yan kwamfuta ne, ɗaya tana karanta harkar otal da yawon buɗe ido, ɗaya akanta, ɗayan kuma kasuwanci. Sun je wurin sau ɗaya, da rana, ranar Talata, wurin shiru kamar an yi shara. Sun zauna da mai masaukin kusan awa biyu, suna ce mata Mama tana ce musu yarana, ta ba su labarin komai banda daren ɗaki mai lamba 7. Ba su yi magana da ma'aikacin dare ba don lokacin yana gida yana barci. Suka dawo suka rubuta tsarin aiki mai shafi takwas, kuma in ka karanta shi da kyau fom ɗinta ne kawai aka faɗaɗa: talla tukuna, manhaja ta biyo baya. Malam ya rubuta musu a gefe cewa wa ya gaya muku rashin sanin wurin ne matsalar, suka ce Malam ai ita da kanta ta faɗa. Ya sa hannu ya ƙyale su.

Mako na 3 da na 4: talla

Nan ɗan kasuwancin ya baje kolinsa. Sun ɗauki hotuna masu kyau wallahi, fitowar rana a kan dutsen, ɗakunan an gyara su tsaf, ɗan jagora yana nuna hanya. Suka buɗe shafuka a soshiyal midiya, mai masaukin ta ba da ɗan kuɗin talla na mako biyu.

Saƙonnin tambaya sun tashi daga kamar 30 a mako zuwa 85. Waɗanda suka kama ɗaki kuwa daga 11 suka koma 13. A rahotonsu na mako na 4 lambar farko suka sa da manyan baƙaƙe, ta biyun sai da na nema a can ƙasa. Da na tambayi dalili suka ce mutane ne 'yan tambaya kawai ba su da niyya. Babu wanda ya duba tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a ba mai tambaya amsa, kuma lambar da suka sa a tallan lambar wayar Mama ce ta hannu, wadda take cikin jakarta ko tana kasuwa ko tana wajen jikoki.

Mako na 4 zuwa na 7: manhaja

'Yan kwamfutar dama wannan suke jira. Sun yi mako uku suna kwana a kai, suka fito da manhajar waya da za ka zaɓi ɗaki ka ga hotonsa ka danna ka kama, akwai kuma ɓangaren ma'aikata mai lambar sirri. A aji sun gwada ta yi aiki lafiya lau har an tafa musu.

A masaukin kuwa cikin kwana goma mutum shida ne suka sauke ta, huɗu 'yan ajinsu ne. Dalilin bai da wuyar ganewa, wa zai cika wayarsa da manhajar wurin da zai kwana sau ɗaya ko sau biyu a rayuwarsa? Sannan sabis a gindin dutsen yana zuwa yana ɗaukewa, ita kuma manhajar in babu netwok ko buɗewa ba ta yi. Ma'aikacin rana ya gwada sau biyu ya manta lambar sirrin ya koma littafinsa. Na dare ko labarin bai ji ba. Abin da ya fi muni, manhajar ta zama wuri na huɗu da ake rubuta wanda ya kama ɗaki, alhali wurare ukun da ake da su ma ba sa jituwa da juna, amma lokacin ɗaliban ba su san akwai uku ba.

A mako na 7 rukunin ya kusa watsewa. A gurup ɗinsu na waya sai zargi, masu manhaja na cewa ma'aikatan ne ba sa son koyo, ɗan talla na cewa shi dai ya kawo mutane, akantan bai ce komai ba don tun farko ba a ba shi aikin kirki ba. Rabin zango ya wuce, babu abin nunawa.

Mako na 8: kwana biyu a teburin karɓar baƙi

Mai karanta harkar otal ɗin ce ta ce ita za ta je ta zauna a wurin daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Lahadi, ba za ta gyara komai ba, kallo kawai za ta yi tana rubutawa. Akantan ya raka ta. Wannan shi ne karo na farko da wani a cikinsu ya ga wurin lokacin da yake aiki.

Ga abin da ta rubuto, na taƙaita. Da misalin ƙarfe biyar na yamma wasu mutum biyu suka tsaya da mota suka nemi ɗaki, ma'aikacin rana ya duba littafi ya ce an cika, suka juya. Ita kuma tana kallon allon makullai, akwai makulli biyar a rataye. Ta tambaye shi, ya ce biyu na waɗanda suka kira Mama ne suna hanya, uku kuwa, wato 10 da 11 da 12, Mama ta ce kada a ba kowa sai ta yi magana. Ƙarfe tara na dare ya yi, goma ta yi, masu hanyar ɗaya ya iso ɗaya ko ƙyallinsa, an kira wayarsa a kashe. Na dare ya karɓi aiki, shi ma bai da ikon taɓa ɗakunan ukun. Gari ya waye ɗaki huɗu babu wanda ya kwana a ciki, a daren da aka mayar da mutum biyu da motarsu, kuma aka amsa wa wasu a waya cewa babu wuri.

Da safe ta samu mai masaukin ta ce Mama don Allah ɗakunan nan uku na waye? A nan ne labarin ɗaki mai lamba 7 ya fito. Tun daga ranar ta yanke cewa kullum za ta ajiye ɗaki uku a ɓoye, ko da an sake haɗa mutum biyu a ɗaki ɗaya a samu inda za a sa ɗayan. Wato kashi ɗaya cikin huɗu na masaukin tana kulle shi a daren da aka fi nema saboda tsoron abin da ya faru sau ɗaya. Ba ta faɗa a zaman farko ba don a wajenta wannan dabara ce ba matsala ba, kuma ba a tambaye ta ba.

Sai maganar rubutu. Wanda ya zo da ƙafarsa ko ya kira lambar tebur, a littafi ake sa shi. Wanda ya kira Mama, yana cikin wayarta ko cikin kanta, sai ta tuna ta kira tebur. Wanda ya bi ta intanet, saƙon imel ke shiga wata tsohuwar kwamfuta da ake kunnawa sau ɗaya a rana. Babu mutum ɗaya da zai iya ce maka a wannan mintin ɗaki nawa ne babu kowa.

Mako na 9: littafin ya yi magana

Yanzu akantan ya samu aiki. Ya ɗauki hoton littafin shafi-shafi, Mama ta yarda aka ƙirga saƙonnin wayarta a gabanta ba tare da kwafe sunan kowa ba, ya zuba komai a tebur ɗin lissafi. Ma'aunin da masu otal ke amfani da shi mai sauƙi ne, ɗakunan da aka kwana a ciki a raba da ɗakunan da ake da su. Ya ɗauki ƙarshen mako huɗu na kafin zuwansu, ɗaki 12 sau dare 8 ya ba da 96.

An kwana a 58, wato kashi 60 cikin 100. Saura 38 da suka kwana a kulle, ga yadda suka kasu: 17 ɗakunan ɓoye ne da ba a saki ba, 14 na waɗanda suka ce a ajiye musu ba su zo ba kuma ba su biya ko sisi ba, 7 ne kawai za a ce babu mai nema. A daidai waɗannan kwanakin an amsa wa mutum 23 cewa an cika. Ya kuma duba lokacin tallan, ya ga mai tambaya yakan jira kamar awa tara kafin a ba shi amsa, mai neman wurin kwana kuwa in ya tura wa wurare uku wanda ya fara amsawa shi ya ci.

Da aka karanta wannan a gaban rukunin ɗakin ya yi tsit. Mako biyar suka yi suna yaƙi da ɗakuna 7, suka bar 31.

Mako na 10: gyaran

Ba su rubuta ko layi ɗaya na sabuwar manhaja ba. Sun buɗe kalanda ɗaya ta Google wadda mutum ukun ke gani a wayoyinsu, kowane ɗaki da layinsa, kuma doka ɗaya, duk wanda ba ya cikin kalandar bai kama ɗaki ba, ko da Mama ce ta yi masa alkawari. Littafin ba su ƙwace shi ba, na dare ya ce shi in sabis ya ɗauke da me zai yi aiki, kuma yana da gaskiya, sai aka tsara cewa duk canjin aiki a kwafe na kalandar cikin littafi, minti biyar ne.

Sun sayi layi ɗaya suka sa a wayar da ke zaune a tebur, suka sa mata WhatsApp Business, wanda tun 2018 ake da shi kuma kyauta ne, da amsoshin da aka riga aka rubuta na farashi da hanya da lokacin shiga ɗaki, danna biyu an tura. Duk inda lambar Mama take a intanet suka canza ta.

Shafin kama ɗakin suka haɗa shi da kalandar ta hanyar iCal, wato tsarin da ke sa kalanda ɗaya ta riƙa kwafo abin da ke cikin wata. 'Yan kwamfutar ne suka gano cewa wannan haɗin ba nan take yake ba, yakan ɗauki awanni kafin ɓangare ɗaya ya ga canjin ɗaya, kuma cikin wannan tazarar ce ake iya sayar da ɗaki sau biyu. Akwai manhajojin kuɗi da ke yin haɗin nan take amma biyansu duk wata ne, bai dace da ɗaki 12 ba. Sai suka ware ɗaki huɗu suka ce waɗannan na intanet ne kaɗai, tebur ba ya taɓa su sai ranar Juma'a da tsakar rana in ba a kama ba a rufe su a shafin a dawo da su. Wannan ne ya sa Mama ta saki ɗakunan ɓoyen, biyu da farko, na ukun sai da aka yi mako biyu babu rikici.

Na ƙarshe kafin alƙalami. Duk mai son ɗakin Juma'a ko Asabar ya tura rabin kuɗin dare ɗaya, a tura masa tunatarwa saura kwana biyu, in ya fasa kafin awa 24 a mayar masa. A nan ma sun yi kuskure, sun sa dokar a kan kowa, wasu tsofaffin baƙi da suka yi shekaru suna zuwa suka ji haushi, ɗaya ya kira Mama ya ce yanzu ni za a nema wa shaida? Cikin kwana huɗu aka gyara, ta rubuta sunayen mutanen da ta amince da su, su tunatarwa kawai ake tura musu.

Akwai shawara ɗaya da ta ƙi sam. Ɗan kasuwancin ya kawo maganar farashi mai hawa da sauka gwargwadon buƙata, dabarar da kamfanonin jiragen sama na Amurka suka ƙware a kai bayan an sakar musu farashi a 1978, daga baya manyan otal-otal suka ɗauka. Ta ce ita ba za ta iya kallon mutum biyu a tebur ɗaya ta karɓi kuɗi daban-daban a ɗaki iri ɗaya ba. Aka bar maganar.

Mako na 11 zuwa na 14: abin da aka samu

Ƙarshen mako huɗu, ɗakuna 96 dai kamar da. An kwana a 77, kashi 80 cikin 100. Waɗanda suka kama ba su zo ba sun sauko daga 14 zuwa 4. Ba a haɗa mutum biyu a ɗaki ɗaya ba ko sau ɗaya. Amsar saƙo da rana ta koma ƙasa da rabin awa, da dare tana kaiwa awa biyu in na dare yana zagaye.

Akantan da kansa ya rage wa lambar armashi a gaban malamai. Ya ce lokacin ya faɗo farkon kakar yawo, don haka ya duba irin wannan watan na bara a littafi, ya samu 63. Wato ƙarin da za su iya cewa nasu ne daga 63 zuwa 77 ne, ba daga 58 ba. Kwanakin tsakiyar mako kuwa ko motsi, ɗaki uku huɗu a dare kamar yadda suka tarar.

Bayan wata shida

Na kira masaukin don rahoton sashenmu na jami'a. Kalandar na nan, lambar tebur na nan, kafin alƙalami na nan. Manhajar ta mutu tun da kuɗin ajiyarta a intanet ya ƙare babu wanda ya lura. Tunatarwar kwana biyu ta tsaya na kusan wata guda lokacin da ma'aikacin rana ya bar aiki, don shi kaɗai ke yi, masu ƙin zuwa suka ɗan ƙaru, sai sabon ya ga takarda mai shafi ɗaya da ɗaliban suka manna a bango bayan tebur ya ci gaba daga nan. Rahotonsu mai shafi 60 kuwa Mama ta ce yana cikin durowa.

Yadda nake ganin lamarin

Tallan da manhajar ba wai an yi su da wasa ba ne, an yi su da kyau, sai dai amsa ce ga tambayar da aka rubuta a fom, kuma mai matsala sau da yawa maganin da ya ji ana yayi yake rubutawa a gurbin ciwon. Laifin rabinsa namu ne. Tsarin ba da makinmu yana fifita abin da za a haska a allo a tafa, ɗalibin kwamfuta kuma ya san kalanda ba za ta burge malamai ba, don haka ko da ya hango ita ce mafita zai kawar da kai. Mun kuma bar su suka rubuta tsarin aiki bayan ziyara ɗaya ta ranar Talata. Da zaman teburin nan a mako na 2 aka yi shi, da sun samu mako shida su taɓa matsalar tsakiyar mako wadda har yau tana nan. Ban kuma yarda cewa faɗuwar ce ta koya musu ba kamar yadda wasu malamai suka faɗa a wajen kare aikin, kuɗin tallan na Mama ne, kuma mutanen da suka turo saƙo suka jira awa tara ba za su dawo ba.

Abin da ya yi aiki ya yi ne saboda ya taɓa tsoronta kai tsaye, ɗaki huɗun da aka ware su suka maye gurbin ukun da take kullewa, kuma babu wani abu a ciki da ke buƙatar ɗalibi ya dawo ya gyara. Haɗa mutane daga sassa daban-daban ma ya biya, amma sai bayan an daina ɗaukar akanta da mai karatun otal a matsayin 'yan rakiya.

Sashen ya canza doka a zangon da ya biyo baya, babu rukunin da zai miƙa tsarin aiki sai ya kawo shaidar ya yi awa 12 a wurin lokacin cunkoso kuma ya yi magana da ƙaramin ma'aikaci. Mama ta sake cike fom tana neman wani rukunin don kwanakin tsakiyar mako. A layin abin da take so ta rubuta talla, ta soke, ta rubuta su zo su gani.